Wane faifan Pink Floyd zan fara saya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na samu na'urar garmaho, kuma kuɗin da ke hannuna na faifai ɗaya ne tak. Abokaina sun ce in sayi The Dark Side of the Moon, ni kuma ina jin ana ta yabon The Wall. Wanne ya fi?

Amsa: Ɗan'uwa, barka kadai. Abokanka ba su ba ka shawarar banza ba. The Dark Side of the Moon na 1973 shi ya kai Pink Floyd, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, ko'ina a duniya, ya kuma shafe sama da mako 700 a jadawalin Billboard na Amurka, wato jerin kundayen da suka fi kasuwa. Amma tunda ni ka tambaya, ka sayi Wish You Were Here na 1975. A wurina babu na biyunsa a duk abin da suka yi.

Waƙoƙi biyar ne kawai, minti 44 ko kusa da haka, kuma fiye da rabin lokacin ya tafi a kan Shine On You Crazy Diamond, wadda aka raba biyu: kashi ɗaya ya buɗe faifan, ɗayan ya rufe shi. Sai an wuce minti takwas kafin ka ji muryar mutum. Kafin nan jitar David Gilmour ce da kiɗan Richard Wright, dukansu 'yan ƙungiyar, ke tafe a hankali, babu gaggawa. Abin da ya ba waƙar nauyi shi ne wanda aka yi ta dominsa, wato Syd Barrett, wanda da shi aka kafa ƙungiyar, ya bar ta a 1968 bayan hankalinsa ya taɓu. A watan Yunin 1975, suna cikin aikin kundin a ɗakin naɗar sauti na Abbey Road da ke Landan, sai ga shi ya shigo, ya yi ƙiba, ya aske kai har da gira. Da farko abokansa ba su gane shi ba. In ka san wannan, za ka ji kewar aboki a kowane bugun jita. Gilmour da Wright ma duk sun ce shi ne kundin da suka fi so.

The Wall na 1979 kuwa ka ɗan jinkirta. Faifai biyu ne, ya fi tsada, kuma labari ne mai tsawo wanda Roger Waters, shi ma ɗan ƙungiyar, ya mamaye shi. Wanda bai saba da salonsu ba zai iya gajiya tun kafin ya juya na biyun.

Tambaya: Sabo zan nema ko na gwanjo?

Amsa: In ba za ka iya riƙe faifan a hannunka kafin ka biya ba, sayi sabon bugu. Wannan kundin yana da wurare masu sanyin sauti sosai, musamman farkonsa, kuma a nan ne ƙarar tsohon faifai mai karce ke ɓata komai. In na gwanjo ne a gabanka, zare shi daga kwalinsa, duba shi a haske, ka ɗora shi a na'ura ka ga ko ya lanƙwashe. Bayan ka saya, ajiye shi a tsaye, nesa da rana, domin zafi na lanƙwasa faifai.