Filin Tambaya da Amsa: Yaya sojoji suka rayu a ganuwar Elmina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tsohon soja ne, na yi aiki a Marwa da Kuseri kafin in yi ritaya in zauna a Garwa. Ɗana ya je fatauci Gana, ya dawo da hotunan wani katafaren gini fari a bakin teku a garin Elmina, da manyan bindigogin igwa jere a kan katanga. Ya ce masu zagayawa da baƙi a can labarin bayi suka fi bayarwa. Ni kuwa ina so in san yadda ƙaramin soja yake wuni ya kwana a wurin, me yake ci, me ake biyansa, kuma ko gaskiya ne har da Hausawa a cikin waɗanda suka yi gadinsa. Daga wani mai karatu, Garwa, Kamaru.

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Ginin da ɗanka ya gani Turawan Fotugal ne suka kafa shi a 1482, a ƙarƙashin jagorancin Diogo de Azambuja, bayan sun yi ciniki da sarkin wurin, Kwamina Ansa, kuma zinariya ce ta kawo su tun kafin cinikin bayi ya rinjayi kome. Mutum kusan 600 suka sauka, sojoji da magina, amma da aka gama gini sai aka bar kimanin 60 kawai su tsare shi. Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637, sannan suka miƙa wa Ingila a 1872. Ka ga ke nan tutoci uku ne suka yi ta kaɗawa a kansa, sai dai rayuwar ƙaramin soja ba ta canza sosai daga wannan hannu zuwa wancan ba.

Wanda ya ga igwa a jere zai zaci kullum cikin yaƙi ake, alhali kuwa yaƙi yakan zo ne jefi-jefi, wani lokaci shekaru masu yawa a tsakani. Aikin soja na yau da kullum gadi ne da jira. Da asuba a buɗe ƙofa, a saukar da gadar katako da ke kan ramin da aka sassaƙa cikin dutse a gaban ganuwar, 'yan kasuwa da ma'aikata su shiga. Da magariba a ɗage gadar a rufe ƙofa, masu gadin dare su hau katanga. Idon mai gadi ya fi karkata ga teku, domin abokin gabar da aka fi tsoro Bature ne ɗan'uwansa, kuma idan jirgi ya ɓullo sai an tantance tutarsa kafin a san ko gaisuwa za a yi masa da harbin igwa ko kuwa shirin faɗa. Wurin ba shi da tashar da babban jirgi zai iya raɓa, saboda haka jirage sukan tsaya can nesa, masuntan garin su yi ta jigilar mutane da kaya a kwalekwale ta cikin igiyar ruwa mai ƙarfi, soja kuma ya tsaya tsaron kayan har su shiga sito.

Sauran wunin yakan ƙare ne a faɗa da gishiri da laima. Iskar teku tana cin ƙarfe, tana sa wa bindiga tsatsa, tana ruɓar da katakon da igwa ke zaune a kai, albarushi kuma idan ya sha danshi ya tashi daga aiki, don haka dole a riƙa duba shi ana shanyawa. Farin da ɗanka ya gani a jikin ginin farar ƙasa ce da a da ake samu ta hanyar ƙona ɓawon kawa, kuma damina ba ta barin ta ta daɗe. Kai da ka yi aiki a Kuseri ka san yadda ƙurar hunturu take shiga bindiga ta hana ta sakat. To, a can danshi ne yake wannan ɓarna, kuma shi ba ya da lokacin hutu a shekara. Aiki mafi nauyi, wato fasa dutse da gini da ƙira da ɗaukar kaya, bayin kamfanin cinikin da ke riƙe da ganuwar ne suke yinsa, waɗanda ba a sayar da su ƙetare, suna zaune kusa da ganuwar da iyalansu.

Batun ci da sha shi ne ya fi nuna ainihin matsayin waɗannan sojoji. Ruwan sha na sama ne, wanda ake tarawa daga rufin gini ya gangara cikin manyan rijiyoyi da aka gina a ƙarƙashin tsakar gida, kuma daga nan ne jiragen da za su tashi suke ɗiba. Abincin da ake kawowa daga Turai, irin su busasshen biskit da nama mai gishiri, ba ya isowa a kan kari, idan ma ya iso sau da yawa ya riga ya lalace. Saboda haka soja ya dogara ne ga matan kasuwar garin, masu sayar da dokunun masara da kifi da doya da manja. Albashin ma ba kullum yake zuwa da tsabar kuɗi ba. A wasu zamunna da garin zinariya ake biya, a wasu kuma, musamman a ganuwoyin Ingila na ƙarni na 18, da kaya ake biya, wato yadi da taba da barasa, soja ya fita da su kasuwa ya musanya da abinci. Duk wanda aka biya albashinsa da barasa, ba sai an tambayi inda rabin albashin yake tafiya ba. Willem Bosman, wani babban ma'aikacin kamfanin Holan da ya zauna a gaɓar, ya koka a littafinsa na 1704 kan yadda ƙananan sojoji suke ƙarar da abin hannunsu a shaye-shaye su bar cikinsu da yunwa. Ni dai ina ganin bai kamata a ɗora musu laifin duka ba, domin yawancinsu talakawa ne da aka kwaso daga biranen Turai, da yawa ma Jamusawa ne da sauran baƙi ba 'yan Holan ba, suka sa hannu a takarda ba tare da sanin inda za a kai su ba.

Abin da ya fi kashe su cuta ce, ba harsashi ba: zazzaɓin cizon sauro, da shawara, da atuni, ga kuma kurkunu da ke kwantar da mutum makonni. Lissafin da rundunar Ingila ta ajiye game da Turawan sojojinta a Saliyo daga 1819 zuwa 1836 ya nuna mutuwar 483 cikin kowane 1,000 a shekara, kuma gaɓar Gana ba ta fi sauƙi ba. A lokacin iskar fadama suke zargi, domin sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ne yake ɗauke da ƙwayar cutar. Wani abin da zai ba ka sha'awa, Baba, shi ne cewa a kan kogin da ya ratsa garinku aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka canza wannan hali: a 1854 likita William Baikie ya hau Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, yana ba mutanensa maganin kwinin kowace rana, ya dawo ba tare da zazzaɓi ya kashe masa Bature ko ɗaya ba.

Wannan yawan mutuwa ne ya sa ganuwar ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ita kaɗai ba. Sojoji da ma'aikata sun auri matan garin bisa al'adar wurin, 'ya'yansu maza da yawa suka girma suka ɗauki bindiga a ganuwar da ubanninsu suka mutu a ciki. Ko a fagen yaƙi ma garin ne garkuwa. A 1625 mayaƙan Holan fiye da 1,000 suka sauka don kama wurin, Turawan Fotugal da ke ciki ba su kai 60 ba, amma mayaƙan Elmina suka yi wa maharan kwanton ɓauna suka karkashe ɗaruruwa. Da Holan suka dawo a 1637, sai suka haura da igwa kan tudun da ke kallon ganuwar suka yi ta ruwan wuta daga sama har aka miƙa wuya, kuma don kada a yi musu irin abin da suka yi, suka gina wata ƙaramar ganuwa a kan tudun, wadda har yau tana nan.

Ba zai yiwu a raba labarin sojan da na bayin da ɗanka ya ji ba, domin gini ɗaya ne. Gwamna yana can sama inda iska take kaɗawa, hafsoshi da sojoji suna ƙasa da shi, a can ƙasan kuma ɗakunan duhu ne da ake cusa ɗaruruwan maza da mata suna jiran jirgi. Tsaron waɗannan ɗakuna da raka mutane zuwa ƙaramar ƙofar da ke fita bakin teku suna cikin aikin soja na yau da kullum. Har yanzu ana nuna wa baƙi gadurum biyu a tsakar gidan, ɗaya mai kafar shan iska na ladabtar da Baturen sojan da ya bugu ko ya yi laifi, ɗaya kuma marar taga, da hoton ƙoƙon kai a bisa ƙofarsa, na bawan da ya yi tawaye.

Game da Hausawa kuwa, gaskiya ne, amma a ƙarshen zamanin. Tsakanin 1831 da 1872 Holan ta ɗebi 'yan Afirka kimanin 3,000 ta Elmina ta kai su aikin soja a tsibiran da yau ake kira Indunusiya, kuma bayan yarjejeniyar 1837 da Sarkin Asante Kwaku Dua na ɗaya, da yawa daga cikinsu bayi ne 'yan arewa da aka fanshe su da sharaɗin shiga soja. Waɗanda suka dawo da fansho sun zauna a wata unguwa ta Elmina da aka laƙaba wa sunan tsibirin Java. Sannan a 1863 John Glover ya kafa wata 'yar runduna a Legas daga masu jin Hausa, akasarinsu waɗanda suka gudo daga bauta, aka kai su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma daga cikinsu ne aka kafa rundunar 'yan sandan yaƙi ta Gwalkwas, wato Gana ta zamanin mulkin Ingila, a 1879, wadda ta zama tushen sojan Gana na yau. Sojojin wannan runduna sun yi zaman bariki a garuruwan gaɓar, har da Elmina. Ba dukansu ne Hausawan asali ba, domin Turawa sukan kira duk ɗan arewan da ke jin harshen Bahaushe, amma Hausa ce ta zama harshen bariki, kuma ta daɗe a haka a rundunar har cikin ƙarni na 20.