Farashina ne mafi ƙanƙanta, amma an ba wani kwangilar

Tambaya: Barista, barka da aiki. Kamfanina ya nemi kwangilar haƙa rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana a wata cibiyar Gwamnatin Tarayya a nan Zariya. Ranar da aka buɗe takardu ina zaune a wurin, aka karanta farashin kowa, nawa ne mafi ƙanƙanta. Makon jiya sai na ji an ba wani kamfani wanda kuɗinsa ya ɗara nawa da kusan naira miliyan 12. Da na bi sawu, wani ma'aikaci ya faɗa mini da baki wai ba ni da ƙwarewar aikin sola. Ina da hurumin kai ƙara?
*Ɗan kwangila, Sabon Gari*

Amsa: Alhaji, barka kadai. Kana da hurumi, amma lokacinka ƙurarre ne, don haka ka karanta wannan da kalanda a hannu.

Tun da cibiyar ta Tarayya ce, dokar da ke aiki a kanka ita ce Dokar Bayar da Kwangilolin Gwamnati ta 2007, wadda hukumar BPP da ke Abuja take kula da ita. Da a ce aikin na jiha ne, da dokar Jihar Kaduna ta 2016 da hukumar KADPPA za mu duba.

Dokar ba ta ce a ba mai farashi mafi araha kawai ba. Cewa ta yi a ba mai farashi mafi ƙanƙanta daga cikin waɗanda aka tantance aka ga sun cika sharuɗɗan da aka shelanta. Wato ƙofa biyu ce. Ta farko ita ce ta cancanta: rajistar kamfani ta hukumar CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardun PenCom (fanshon ma'aikata) da ITF (asusun horar da ma'aikata) da NSITF (inshorar ma'aikata), sannan ƙwarewar ma'aikata, kayan aiki, ƙarfin jari da ayyukan da aka yi a baya. Sai wanda ya wuce nan ake duba kuɗinsa. Ni ina ganin hikimar wannan tsari. Mun sha ganin burtsatsen da aka ƙaddamar da biki, kafin damina ta zagayo famfon ya ƙone, mata da yara sun koma bin 'yan garuwa. Araha ba ta ado, balle a kan ruwan da jama'a za su sha.

To amma dokar da ta ba hukuma damar tsallake mai araha ita ce kuma ta ɗaure mata hannu. Sashe na 32 ya hana a auna masu nema da kowane ma'auni in ban da wanda aka rubuta a takardun neman kwangilar tun farko. Nan ne shari'arka take. Ɗauko takardar da ka saya, ka duba me aka nema a kan ayyukan baya. Idan an rubuta ƙarara cewa sai wanda ya taɓa yin burtsatse mai sola guda kaza cikin shekaru kaza, kai kuma naka na janareta ne ko na tuƙa-tuƙa, gaskiya hujjarka ta yi rauni, komai ƙanƙantar farashinka. Idan kuwa cewa aka yi ayyukan samar da ruwa makamantan wannan, ba a ambaci sola ba, sai bayan an ga farashi aka ɓullo da ita, to an saɓa doka. Haka za ka duba batun injiniya: an nemi mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista? Ka haɗa takardunsa? Ka sa hannu a duk inda aka ce a sa?

Akwai abu ɗaya a wasiƙarka da ya ja hankalina. Ka ce an karanta farashinka a bainar jama'a. A yawancin tallace-tallacen kwangilar Tarayya ambulan biyu ake nema, ɗaya na bayanan ƙwarewa, ɗaya na kuɗi, kuma ba a buɗe na kuɗi sai ga waɗanda suka haye matakin farko. Idan haka aka yi a naku, cibiyar da kanta ta riga ta yarda da ƙwarewarka kafin ta buɗe ambulan ɗinka na biyu. Tana iya zuwa daga baya ta tabbatar da abin da ka rubuta, ta ziyarci ofishinka ko ayyukanka, amma dole ta nuna abin da ta gano. Idan kuwa rana ɗaya aka buɗe komai, karanta farashi bai nuna ka wuce tantancewa ba. Ka kuma sani cewa ana gyara kuskuren lissafi yayin tantancewa, kuma hakan yakan sauya jerin waɗanda ke gaba.

Kada ka rikita wannan da aikin masu ba da shawara, kamar zanen gini ko nazarin ƙasa. A can ne ake iya raba maki tsakanin ƙwarewa da farashi, har mai tsada ya yi nasara da yawan maki. Haƙa rijiya aikin gini ne, kuma galibi a irinsa ko dai ka haye ko ka faɗi, daga nan farashi ya raba gardama.

Maganar bakin da ma'aikacin ya yi maka ba hujja ba ce. Sashe na 19 ya wajabta wa hukuma ta yi wa wanda bai samu ba bayanin dalili idan ya nema, don haka ka rubuta ka nema yau. Kana kuma iya neman rahoton tantancewar a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana 7 su amsa.

Sai dai kada ka zauna jiran amsarsu. Sashe na 54 ya ba ka ranakun aiki 15 daga ranar da ka san abin da ya faru, ko ya kamata ka sani, ka kai rubutaccen ƙorafi ga shugaban cibiyar, wanda alhakin kuɗinta ke wuyansa. Mako guda ya riga ya tafi. Shugaban shi ma yana da ranakun aiki 15 ya yanke hukunci a rubuce. Idan ya yi shiru ko hukuncinsa bai gamsar da kai ba, kana da ranakun aiki 10 ka ɗaukaka zuwa BPP. Da zarar BPP ta karɓa, doka ta ce ta sanar da cibiyar a dakatar da komai har a warware, kuma ta yanke hukunci cikin ranakun aiki 21. Tana da ikon soke matakin da ya saɓa doka ko ta maye gurbinsa da nata. Bayan nan ne Babbar Kotun Tarayya, cikin kwana 30, kuma akwai reshenta a Kaduna. Wanda ya tsallake waɗannan matakai ya garzaya kotu yana iya ganin an kori ƙararsa tun ba a taɓa gundarinta ba.

Na san abin da ke hana 'yan kwangilarmu ƙorafi: tsoron kada a rufe musu ƙofa gobe. Ba zan raina wannan tsoro ba. Shi ya sa nake so takardarka ta zama mai ladabi, ta tsaya kan sharaɗin da aka shelanta da shafin da ka cika shi, ba tare da zargin kowa da cin hanci ba. Idan kana da hujjar hanci a hannu, wurinta ICPC ko EFCC. Rubuta ta a Facebook zai iya jawo maka ƙarar ɓata suna.

Sannan ka san iyakar abin da za ka samu. Sashe na 28 ya ba hukumar da ta yi tallan kwangilar damar soke duk neman kafin ta amince da wani, ba tare da ta biya kowa ba, don haka nasararka tana iya ƙarewa a sake talla. Kuma idan wancan kamfanin ya riga ya girke injin haƙa ya ci rabin aiki, juyar da lamarin zai yi wuya ƙwarai.

Cikin kwana biyu ka haɗa tallan jarida, takardun da ka saya da rasiɗinsu, kwafin duk abin da ka miƙa da jerin farashin da ka rubuta ranar buɗewa, ka kai wa lauyanka. Idan za ka miƙa ƙorafin, ka je da kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka.