Amsa ga mai son taka ƙafa daga Sauda zuwa Rijal Alma

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai na taso daga aiki, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce ku huɗu ne daga Jidda, kuna son ku yi kwana huɗu kuna bin ƙauyukan saman duwatsun Asir na kudu maso yammacin Saudiyya da ƙafa, daga wajen Abha har ku sauka tsohon ƙauyen Rijal Alma, kuma kun yanka wa kanku kilomita 25 kullum tunda kun saba da tattakin Mina da Arfa. Kana tambaya ko zai yiwu, da abin da za ku riƙa.

Zai yiwu, amma ku yaga wannan lissafin. Shekarata tara a Khamis Mushait, garin da ke maƙwabtaka da Abha, na yi tafiyar sau biyu, kuma a ta farko irin lissafinku muka yi, muka ji a jikinmu. A dutse ba a ƙirga kilomita, hawa da gangara ake ƙirgawa. Za ka hango ƙauye ga shi nan kamar ka miƙa hannu ka taɓa, har kana jin kiran sallarsu, amma tsakaninku akwai kwazazzabon da sai ka sauka cikinsa ka sake haurowa, awa uku ta tafi. Ranar da muka fi ƙoƙari ba mu wuce kilomita 12 ba.

Ga kuma numfashi. Jidda a bakin teku take, Abha tana kan tsayin mita 2,200 da ɗoriya, Sauda kuwa, yankin dutsen da ke sama da Abha, ta kusa 3,000. Wanda ya sauka daga mota ya saɓa jaka nan take, kafin azahar zai ji kansa na sarawa, ƙirji na bugu kamar ya yi tsere. Ku kwana biyu a Abha tukuna, ku yi ta shan ruwa, ku ɗan zaga gari. Ba ɓata hutu ba ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro a can hazo ne, wanda suke kira dabab. Kada ka ɗauka irin hazon hunturun Kano ne mai ƙura. Wannan gajimare ne jiƙaƙƙe, yana tasowa daga Tihama, ƙasar da ke gindin duwatsun ta wajen teku, ya hauro bakin dutse, galibi bayan azahar. A rana ta biyu muna zaune ƙarƙashin itatuwan ar'ar muna cin burodi da kifin tuna, rana tarwai, sai na ga wani farin abu na malalowa ta tsakanin rassa. Kafin mu ɗaure jakunkuna na daina ganin abokina da ke gabana taku biyar, muryarsa kaɗai nake ji, gashin hannuna duk ya yi raɓa. A hagunmu kuma rami ne da ba a ganin ƙarshensa. Jagoranmu, wani dattijo makiyayin awaki ɗan yankin, kalma ɗaya ya ce: ku zauna. Muka zauna awa ɗaya da rabi, muna rawar ɗari a watan Agusta. Tun daga ranar na koyi fita da an sallame asuba, a yada zango kafin la'asar.

Tunda na ambaci jagora: ku nemi ɗan gari, ku biya shi, kada ku yi ƙyashi. Taswirar waya ba ta san wace hanya ruwa ya cinye bara ba, sabis ma ɗaukewa yake da an shiga kwari. Ban da haka, ana manyan gine-ginen yawon buɗe ido a yankin Sauda, akan rufe wasu wurare, shi ne zai san ta inda ake bi yanzu.

Wani kuskuren da muka yi, mun ɗauka ƙauye ƙauye ne kamar na gida, ka isa ka yi sallama a ƙofar mai gari a ba ka zaure. Da yawa daga tsofaffin ƙauyukan dutsen nan kufai ne, masu su sun koma gidajen siminti a bakin kwalta ko sun tare a Abha. Sai ka iske hasumiyar dutse tsaye, gonaki hawa-hawa kamar matakala, amma ba kowa sai gwaggon biri. Su kuwa birai ba kunya gare su ba, ɗaya ya fizge ledar burodinmu a gaban idona ya hau katanga yana ci yana kallona. Kada ku ba su abinci, kada ku riƙe leda a hannu. Inda akwai mutane, masallaci za ku nufa, ku yi salla da jama'a, ku faɗi ko ku su wane ne. Karamci kam sai dai a gode wa Allah. Wani tsoho ya ja mu gidansa, aka kawo gahawa da dabino, sannan arika: tuwon alkama ne a kwano, an yi masa rami a tsakiya an cika da man shanu da zuma. Loma uku na yi na ji gumi ya keto min. Sai dai kada ku ratsa gonar mutane, kada ku ɗaga waya wajen gidaje ko mata, kuma igamarku, wato katin izinin zama, ta kasance a aljihu.

Yanzu ranar ƙarshe, wadda ku kuke ganin ita ce hutu saboda gangara ce. Ita ce mai wuyar. Tsohuwar hanyar da muka bi, Aƙabatul Ƙurun, ta sauko da mu fiye da mita 1,000 a wuni guda, a kan tsakuwa mai zamewa da duwatsun da aka jera tun zamanin fatake. Hawa ƙirji yake ci, gangara gwiwa da yatsu. Ni takalmina daidai ƙafata yake cif, kowane taku babban yatsa na dukan gaba, bayan sati biyu farcen ya yi baƙi ya fita. Ku sayi mai ɗan sarari, ku taka shi sati biyu a Jidda kafin ku zo, ku yanke farce, kowa ya riƙe sanda. Kuma kana sauka kana tuɓe kaya: da safe rigar sanyi da hula, da rana zafin Tihama ya tare ka, ga sauro da yamma. Ruwan da ya ishe ku a sama ba zai ishe ku ranar nan ba, kowa ya ɗauki lita huɗu. Abin da ya faranta min rai a ƙasan shi ne ganin dawa tsaye a gona, sai na ji kamar na doshi garinmu.

Rijal Alma ta cancanci wahalar. Gidajen dutse ne masu hawa da yawa, an yi musu ado da farin dutse, akwai gidan tarihi da mutanen garin suka kafa da kansu a 1985. Ku shiga ku ga zanen bango da mata ke yi, alƙaɗɗ, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a jerinta na al'adun gado a 2017.

Lokaci kuwa, ni Oktoba ko Nuwamba zan zaɓa. Maris zuwa Mayu da kuma Yuli da Agusta ana ruwa, kuma ko sama tana garau kada ku kwana a cikin kwari, ruwan da aka yi a wani dutsen daban shi ke zuwa da dare ya share komai. Kada ku sari itace ko ku hura wuta inda ba a ware ba, akwai tara, ku zo da ƙaramin risho. Ku adana 997 ta motar asibiti da 998 ta 'yan ceto, ku bar wa wani a Abha sunayen ƙauyukan da za ku kwana. Ku kuma shirya motar da za ta ɗauko ku daga Rijal Alma ta hauro da ku ta hanyar mota ta Aƙabatus Samma, don na rantse ba mai sake hawa dutsen nan da ƙafa washegari. In kun tsayar da rana ka yi min magana ta gefe, ina da sanduna biyu da bargon zango zan ara muku.