An gama min maganin kansar mama, dole ne sai na ci gaba da zuwa kilinik?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Shekarata 41, shekara ɗaya da rabi kenan da aka yi min aiki aka cire ƙullutu a nonona na hagu, ba a cire nonon duka ba amma an kwashe kaluluwar hammata, bayan nan na yi kemo wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, na yi gashi da na'ura, sun ce an kama abun da wuri. Yanzu tamoksifen nake sha. Matsalata duk ranar da aka ba ni in na je likita tambayoyi kawai zai min ya duba ni minti goma ya ce lafiya lau ki dawo bayan wata shida, ba sikanin ba gwajin jini ba komai, alhali daren da zan je ko runtsawa bana yi saboda fargaba. Ni dai na gaji, tunda garau nake jin kaina ko in daina zuwa? Maganin ma zafi da gumi yake sa ni, na fara tsallakewa wani lokacin.

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jiki, sannu da ƙoƙari kuma, don wanda bai zauna kusa da mai kemo ba bai san abin da kika haɗiye ba. Amsar a gajarce a'a, kar ki daina zuwa. Amma gaskiya ba tambayar ce ta tsaya min a rai ba, layin ƙarshen nan ne da kika jefo kamar ba komai ba, wai kin fara tsallake maganin. Zan dawo kansa. Bari mu fara da ƙorafin sikanin tunda shi ne ya sa kike ganin zuwan naki ba shi da amfani.

Likitanki ba sakaci yake ba, abin da ya kamata yake yi. Na san da wuyar yarda, don hankalin kowa abin da zai ba shi shi ne in ana ta ɗaukar hoton jiki duk wata shida ai za a kama ciwon da wuri in ya dawo, a ceci rai. Likitoci ma haka suka zata da farko, har aka gwada. A shekarar 1994 an fitar da sakamakon wasu manyan bincike guda biyu da aka yi a Italiya, mata wajen 2,500 da aka gama musu magani aka raba su gida biyu, rabi ana musu duba na hannu da hoton nono kawai, rabi kuma ana ƙara musu hoton ƙirji da hoton ƙashi akai akai, a ɗaya daga cikin binciken har da sikanin hanta da gwajin jini. Da aka bi su shekara biyar sai aka ga tsawon ran nasu ɗaya ne, babu bambanci. A wasu an ga yaɗuwar ciwon da ɗan wuri, amma ganin bai ƙara musu kwana ba. Shi yasa har yau ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka wato ASCO take cewa macen da aka yi wa maganin matakin farko kuma ba ta da wata alama, kar a riƙa yi mata sikanin CT ko PET ko hoton ƙashi ko gwajin jinin nan na neman alamar kansa wato CA 15-3 haka kawai don a duba. Kuma sikanin yana da tasa illar da mutane basa lissafawa, zai nuno ɗan ɗigo a huhu ko hanta wanda ba komai bane, mutane da yawa masu lafiya suna da irinsa, daga nan sai a shiga wani hoton, sai allurar ciro tsoka, sai wata uku kina kwana ido biyu, a ƙarshe a ce ba komai.

To me ake nema kenan in ba a sikanin? Kinga dawowar ciwon kala biyu ce. Akwai wanda yake dawowa a wurin da ya fara, cikin nonon da aka yi wa aiki ko kan tabon ko hammata ko saman ƙashin wuya, ko kuma sabo fil ya fito a ɗaya nonon. Wannan in an kama shi yana ƙarami ana sake magance shi da niyyar warkewa gaba ɗaya, kuma abin da ke kama shi shi ne hannun likita, da hannunki, da mamogiram wato hoton nono. Minti goman nan da kika raina, lokacin da yake bin tabon da yatsu yana latsa hammata yana taɓa ramin wuyanki, wannan yake nema. Ɗaya kalar kuma shi ne wanda ya tafi ƙashi ko huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa, shi yawanci alamu ne ke fallasa shi, shi yasa yake miki waɗancan tambayoyin na kina tari, bayanki na ciwo, kin rame. Ba hira yake ba, kuma in kika ce eh ga ɗaya daga ciki nan take zai rubuta sikanin ɗin da kike nema.

Mamogiram dai baki ambace shi ba a saƙonki kuma wannan ya ɗan dame ni. Wadda aka bar mata nono ana yi mata na farko bayan aƙalla wata shida da gama gashi, daga nan duk shekara, duka nonon biyu. Wadda aka cire wa ɗaya gaba ɗaya ana yi wa wanda ya rage. Shekara ɗaya da rabi bayan aiki ya ci a ce an miki, in ba a yi ba ki tambaya da bakinki a zuwa na gaba, ko ma kar ki jira. Yana da ɗan zafi a nonon da ya sha gashi saboda matsewar, ba zan ɓoye miki ba, amma na 'yan daƙiƙu ne.

Tsarin zuwan kuma ba haka zai dawwama ba. Yadda aka saba, shekara uku na farko duk wata uku zuwa shida, shekara ta huɗu da ta biyar duk wata shida zuwa shekara, bayan nan sau ɗaya a shekara. Yana raguwa.

Yanzu maganin. Tunda aka ɗora ki kan tamoksifen, kansarki irin wadda take ci da sinadarin mata ce wato estirojin, shi ne abincinta, ƙwayar nan kuma toshe mata baki take yi. Aiki ya cire abin da ido ke gani, kemo da gashi sun bi sauran, amma akwai yiwuwar 'yan ƙwayoyin ciwon da babu na'urar da za ta iya gani sun laɓe wani wuri suna barci, su ake yi wa wannan ƙaramar ƙwaya ta miligiram 20. Da aka haɗa sakamakon bincike masu yawa an ga shan ta shekara biyar yana rage dawowar ciwon da kusan rabi a shekarun da ake sha, yana kuma rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku har zuwa shekara 15. Ki sake karanta wannan. Babu sikanin da zai yi miki haka ko da kullum ake miki shi.

Kuma irin wannan kansar tana da wani hali, ba ta gaggawa. Wata kalar, wadda ba ta jin homon wato sinadarai irin su estirojin, kuma ba ta da furotin ɗin da ake kira HER2, in za ta dawo yawanci cikin shekara uku zuwa biyar na farko take dawowa, bayan nan haɗarin ya faɗi sosai. Taki kuwa a hankali take, wani bincike da aka wallafa a 2017 kan mata sama da 60,000 da suka gama shekara biyar na maganin homon lafiya ya nuna haɗarin yana ci gaba kaɗan kaɗan har shekara 20, daga kashi 13 cikin 100 ga masu ƙaramin ƙullutu da bai taɓa kaluluwa ba, zuwa kashi 41 ga masu babba da ya kama kaluluwa da yawa. Ba don in tsorata ki na kawo ba, in kika juya lissafin ai mafi yawansu bai dawo musu ba. Na kawo ne don ki ga dalilin da yasa jin garau a shekara ɗaya da rabi ba ya nufin an rufe fayil, kuma shi yasa wasu matan ake ƙara musu maganin zuwa shekara goma, wasu a canza musu zuwa letirozol ko anastirozol bayan al'ada ta ɗauke. Wannan shawarar a kilinik ake yanke ta, wadda ta daina zuwa wa zai yanke mata?

Kar ki ji kunya fa, ba ke kaɗai bace. A Amurka an bi mata sama da 8,000 aka fitar da sakamako a 2010, kusan rabi ne kawai suka sha maganin yadda aka ce har ƙarshe. Ni kaina na sha gani, mace ta ce min tana sha kullum, sai ta buɗe jaka neman katin asibiti sallen maganin ya faɗo, na watan jiya ne kuma rabinsa ba a ɓalle ba, sai ta sunkuyar da kai ta ce Likita gumin ne, cikin dare sai na tashi na canza riga sau biyu. Kullum abin da nake cewa shi ne da tun farko kika faɗa. Don akwai abin yi. Wasu in an canza musu lokacin sha suna samun sauƙi, akwai magunguna marasa homon da ke rage zafin kamar benlafaksin da gabafentin, sau da yawa ma jiki yana sabawa bayan watanni. Abin da ba a so shi ne ki sayi maganin zafin da kanki, don masu estirojin a ciki ba naki bane, kuma akwai wasu magungunan damuwa irin su faroksetin da ke iya rage wa tamoksifen ƙarfi, saboda haka duk likitan da zai rubuta miki wani abu ki gaya masa kina shan sa, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari.

Tamoksifen ɗin kansa yana da abubuwa biyu da ake sa wa ido, ba su da yawa amma ba a wasa da su. Yana iya kaurara bangon mahaifa, a wasu 'yan kaɗan har ya zama kansar mahaifa, musamman bayan al'ada ta ɗauke, don haka duk jinin da ya zo ba a kan ƙa'ida ba ki kai rahoto. Yana kuma ƙara haɗarin daskarewar jini, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo ko numfashi ya sarƙe miki farat ɗaya, wannan na gaggawa ne ba na jiran rana ba. Sannan a shekarunki ko al'ada ta rikice ko ta tsaya ciki na iya shiga, maganin kuma yana cutar da ɗan tayi, ki yi magana da likita kan hanyar tazara marar homon, in kuma kina son haihuwa ne ki faɗa a tsara, kar ki ajiye maganin a ɓoye. Masu shan su letirozol su kuma matsalarsu ciwon gaɓoɓi ne da raunin ƙashi, shi yasa ake auna musu ƙarfin ƙashi lokaci lokaci.

Sai hannunki na hagu. Wadda aka kwashe wa kaluluwar hammata, kusan ɗaya cikin biyar hannun kan kumbura saboda ruwan da ya rasa hanyar wucewa, kuma ba lallai nan da nan ba, yana iya zuwa bayan shekara biyu ko fiye. Ba ya farawa da ƙaton kumburi. Zoben da kika saba sawa ne zai fara matse ki, ko ki cire agogo ki ga ya bar shati mai zurfi, ko hannun riga ɗaya ya fi ɗaya kama ki, ko dai ki ji hannun ya yi nauyi da yamma. A wannan matakin safar matsi da motsa jiki da tausa ta musamman suna riƙe shi sosai, in aka bari ya yi tauri kuma sai dai a yi ta lallaɓawa. In hannun ya yi ja ya ɗau zafi kina zazzaɓi, ranar za ki je. In kuma cikin kemon da aka miki akwai jan ruwan nan doksorubisin, ko an miki allurar Herceptin, su biyun suna iya taɓa zuciya, to haki da kumburin ƙafafu abin faɗa ne. Haka in akwai masu kansar mama ko ta ƙwan mace a danginku, ko wata ta kamu bayan ke, ki sanar, yana iya sa a yi miki gwajin gado na BRCA, wanda amfaninsa har 'yan uwanki mata da 'ya'yanki.

Tsakanin ranar kilinik da ta gaba kuma ke ce mai gadi, don sau da yawa mace ce da kanta ke fara lura kafin ranar kilinik ta zo. Sabon ƙullutu, canji a kan tabo ko fata, ciwon ƙashi ko baya da ya tsaya wuri ɗaya yana hana ki barci, tari ko haki da ya ƙi tafiya, ciwon kai sabo mai naci, ido ya yi rawaya, rama ba dalili. Ma'aunin da nake ba marasa lafiyata shi ne duk abin da yake sabo kuma ya kai sati biyu bai tafi ba, a zo a gani, kar a ce ai ranata sai nan da wata huɗu. Yawancin lokaci ba kansar bace, wadda ta yi kansa ma ai tana mura tana ciwon baya kamar kowa.

Rashin barcin daren kilinik kuwa na san shi, kusan duk wadda ta bi ta hanyar nan tana yi, wata tun daga ƙofar asibiti warin wurin kawai zai tayar mata da zuciya kamar ranar kemo. Shi ma ki faɗa wa likitan, ba ƙaramin abu bane a wurinmu, in yana hana ki sukuni akwai masu ba da shawara kan wannan. Ki nemi a ba ki lokacin safe don kar ki wuni kina jira, ki tafi da wani naki, ki rubuta tambayoyinki a takarda tun a gida don a gaban likita komai guduwa yake daga kai.

A takardar nan ki sa abu uku a sama, yaushe ne mamogiram ɗina, me za a yi min kan zafi da gumin nan, shekara nawa zan sha maganin. Ki tafi da kwalin maganin yadda yake ki gaya masa kwana nawa kike tsallakewa a wata, ba faɗa zai miki ba. Kuma kar ki jira wata shidan, ki nemi a matso miki da ranar, kafin nan ki koma sha kullum daga yau, wanda ya wuce ya wuce kar ki haɗa biyu don ramuwa. Allah ya ƙara sauƙi.