Me ya sa attajirai ke sayen gidajen da ba sa kwana a ciki?

Malam, ka ce kana fama da kuɗin haya a Gesse, nan Birnin Kebbi, kana mamakin masu zuba biliyoyi a gidajen Landan da Dubai su kulle su tafi. Ai ba don kwana suke saye ba, ajiya ce.

Ka dubi ɗan kasuwar da ke sayen shanshera a Argungu lokacin kaka, ya jibge a sito, ya jira bazara. Shi ya san takardar kuɗi narkewa take yi. A farkon 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, a 2024 ta haura 1,400. Wanda ya bar kuɗinsa a naira ya sha kashi, mai gida a Landan kuwa yana barci dukiyarsa ta ninka idan aka ƙirga da naira.

Sannan kuɗin sun taru a hannu kaɗan. Rahoton rashin daidaito na duniya na 2022 ya nuna kashi 10 cikin ɗari na mutane ke riƙe da kashi 76 na dukiya, rabin jama'a mafi talauci kuma kashi 2 kacal. Unguwannin da attajirai suke rububi ba sa ƙara faɗi, dole farashi ya haukace. A 2019 attajirin Amurka Ken Griffin ya biya kimanin dala miliyan 238 kan gida guda a saman bene a New York.

Dubai kuma har da tukuici: gidan dirhami miliyan 2 na iya samo maka izinin zama na shekara 10. Wasu, mu faɗi gaskiya, kuɗin da ba sa son a tambayi asalinsa suke ɓoyewa.