Tambaya da Amsa: Ƴata ta ce ta hau shamuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƴata mai shekara tara ta rubuta waƙa a bayan littafinta na lakwal, inda ta ce ta hau bayan shamuwa, ta ƙetare gulbi, ta sauka a tsakar gidan kakarta a Tibiri ta tarar ana dama fura. Waƙar ba ta da amsa-amo, wato ƙarshen layukanta ba su faɗa da sauti iri ɗaya ba, kuma ina tsoron kada ta saba da faɗin abin da bai faru ba. Yaba mata zan yi ko kwaɓa? Daga wani mahaifi, Bagalam, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, domin maƙaryaci so yake a gaskata shi, ita kuwa ƴarka ta san babu wanda zai ɗauka cewa shamuwa tana goyon mutum. Da irin wannan muka tashi, tun daga "ga ta nan, ga ta nanku" har zuwa "ba don Gizo ba da na yi ƙarya", kuma ba a taɓa tuhumar kakanninmu a kan haka ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda ta zaɓa ta sauka. Yarinyar da ta samu fuka-fukai tana iya nufar Faransa ko Makka, amma sai ta bi Gulbin Maraɗi ta dira a garin Gobirawa, kusa da ƙwaryar kakarta. Ko tsuntsuwar ma ta gida ce, wadda zuwanta ke shaida wa manoma cewa damina ta ƙarato, lokacin da gulbin nan da ke bushewa da rani yake kawo ruwa. Ke nan ta lura da abin da yawancin manya suka daina kallo.

Kada ka ɗauki jan biro. Ka sa ta rera maka waƙar da bakinta, tun da a kunne ake gane kari, wato daidaituwar bugun sautin waƙa, sannan ka tambaye ta abin da ta hango daga sama. Amsa-amo abu ne da ake koya daga baya, kuma ƴan matan da ke gaɗa a dandali da yaran da ke tashe da azumi sun iya kari kafin su san sunansa.

Idan malaminsu mai sha'awa ne, ka tuna masa cewa tun 1999 hukumar UNESCO ta ware 21 ga Maris a matsayin ranar waƙa ta duniya, ko ya ba ƴan ajin dama kowa ya karanta tasa da Hausa.