Ta ina zan fara koyar da simuleshin?

Tambaya: Malam, an ɗora mini kwas ɗin simuleshin, wato kwaikwayon yadda abu ke gudana ta hanyar kwamfuta, ga 'yan aji uku. Ba mu da lasisin manhajar Arena ko MATLAB, wuta kuma sai ta ga dama. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, kada rashin lasisin nan ya hana ki barci. Makon farko ma ba kya buƙatar kwamfuta. Ki shigo aji da ɗan ludo biyu, ki ce ga na'urar ATM ɗaya. Ɗalibi ɗaya ya jefa don a san bayan minti nawa wani zai iso, ɗaya ya jefa don a san minti nawa zai yi a gaban na'ura, na uku ya riƙa rubutawa a allo. Ki raba su rukuni biyar. Kowane rukuni zai fito da amsa daban, sai gardama ta kaure a kan wane ne ya yi kuskure. Babu wanda ya yi. Nan ne za su gane cewa gwaji ɗaya ba ya zama hujja, sai an maimaita sau ɗaruruwa. Asalin hanyar Monte Carlo ke nan, wadda Stanislaw Ulam da John von Neumann suka ɓullo da ita a cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka a shekarun 1940.

Daga nan ki kawo lissafin layi na M/M/1, wato layi ɗaya mai na'ura ɗaya, inda lokacin isowa da tsawon hidima ba su da tabbas. Idan mutum yana isowa duk minti 5 a matsakaici, hidima kuma minti 4, yawancin ɗalibai za su ce ai babu layi. Lissafi ya ce jiran minti 16 ne. Ki ƙara rabin minti kacal a hidimar, jira ya haura minti 40. Ni dai ban taɓa ganin ajin da wannan bai girgiza ba.

Sai yanzu kwamfuta. Shirin simuleshin na NetLogo, wanda Uri Wilensky ya fitar a 1999, kyauta ne, yana aiki ba intanet, kuma yana ɗauke da misalai, har da na yaɗuwar cuta. Masu ɗan hannu a yaren kwamfuta na Python su ɗauki SimPy, wato kayan aikin simuleshin na Python.

Wajen ba da maki kuwa, kada hoto mai motsi ya ruɗe ki. Ki tura su da agogo da littafi su tsaya a layi na gaske, su auna, su dawo su gwada da abin da samfurinsu ya faɗa. Wanda ya iya bayyana dalilin saɓanin, shi ya fi cancantar maki.